Koyon Jita da Ƙaramar Jitar Dijital: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙananan jitocin nan da ake haɗawa da wayar hannu suna jawo tambayoyi iri ɗaya daga mutane daban-daban: wanda bai taɓa riƙe jita ba, da wanda ya fara ya ajiye, da iyayen da yaro ya matsa wa lamba sai an saya masa. An tattaro tambayoyin a nan, daga na farko-farko zuwa masu zurfi. Kowace amsa ana iya karanta ta ita kaɗai, inda kuma ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Mece ce jitar dijital, kuma me ya raba ta da jitar da aka sani?

Jitar da kowa ya sani, ta katako ce ko ta lantarki, daga girgizar tsirkiya sautinta yake fitowa. Ta katako cikinta ne ke ƙara wa sautin ƙarfi, ta lantarki kuma maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ne ke ɗaukar girgizar ya miƙa wa lasifika. Jitar dijital ta bi wata hanya dabam. Wuyan kowace jita an raba shi gida-gida da siraran ƙarafa, kowane gida shi ne gaɓa. A ta dijital, akwai na'urori a cikin wuyan da ke gane gaɓar da yatsa ya sauka, akwai kuma wasu a gindin tsirkiyoyi masu gane wacce aka kaɗa da irin ƙarfin da aka sa. Wannan labarin take aika wa manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta, manhajar ce ke fitar da sauti.

Tunda manhaja ta san abin da yatsunka ke yi, tana iya nuna maka su a fuskar waya tun kafin ka kaɗa, ta ce wannan ya kauce, wancan ya sauka daidai. Nan amfaninta yake ga mai koyo. Da yawa daga cikinsu ba su da ƙaton ciki, shi ya sa ake jefa su a jakar baya.

2. Duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma yawancin waɗanda suka yi da-na-sani bayan saye a nan suka yi kuskure. Akwai mai gajeren wuya da tsirkiyoyin ƙarfe na gaske guda 6, wadda ba ta da sautin kirki sai an haɗa ta da manhaja. Fitacciya a wannan rukuni ita ce Jamstik ta kamfanin Zivix da ke Minneapolis a Amurka: ta farko gaɓa 5 gare ta, daga baya aka fitar da Jamstik 7 mai gaɓa 7.

Akwai kuma jita ta gaske da aka ƙara wa kayan zamani. Fretlight da Poputar suna da fitilu a wuya masu nuna inda za a danna. Fret Zealot zirin fitilu ne da ake mannawa a jitar da mutum yake da ita. Lava Me 3 tana da ɗan allon taɓawa a jikinta. Waɗannan ko batir ya mutu suna kaɗuwa.

Rukuni na uku babu tsirkiyar ƙarfe a wuyansu. AeroBand da Artiphon Instrument 1 suna da layuka masu laushi a madadinta, LiberLive C1 kuwa maɓallai ne a wuya, danna ɗaya ya ba ka haɗin sauti gaba ɗaya. Kafin ka ɗauki kowace, karanta amsa ta 4, domin abin da kowane rukuni ke koyarwa ba ɗaya ba ne.

3. Sabuwar ƙirƙira ce?

Tunanin ya daɗe. Roland ya fitar da GR-500 a 1977, jitar da ke sarrafa sautin na'ura. A 1983 aka samu MIDI, yaren da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, wanda Dave Smith da Ikutaro Kakehashi suka yi wa jagora. Casio ya fitar da jitar dijital DG-20 a 1987. Abin da ya zo daga baya shi ne wayar hannu mai ƙarfin fitar da sauti mai kyau da kuma tura MIDI ta Bluetooth, wanda Apple ya sa a iOS 8 a 2014. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta mayar da ita kayan koyo.

4. Zan iya koyon jita ta gaske da ita?

Za ka koyi kaso mai tsoka, amma ba duka ba. Abin da ke bin ka zuwa jita ta gaske shi ne duk abin da ke zaune a ƙwaƙwalwa: siffar haɗin sauti, wanda makaɗa ke kira kod, da sunayen tsirkiyoyi, da canjawa daga kod zuwa kod a kan lokaci, da karanta tab (rubutun da ke nuna gaɓar da za a danna, duba amsa ta 15), da riƙe taku. Waɗannan su ne ke cinye watannin farko na kowane mai koyo, kuma manhaja ta iya koyar da su da haƙurin da ba ya ƙarewa.

Abin da ba ya bin ka shi ne yadda ake haifar da sautin. A jita ta gaske, idan yatsa ya sauka nesa da ƙarfen gaɓa tsirkiya sai ta yi zizza. Idan naman yatsa ya ɗan shafi ta kusa da ita, waccan sai ta shaƙe. Idan ka danna da ƙarfi fiye da kima sautin yakan ɗan hau. Na'ura kuwa tambaya ɗaya take yi: yatsa yana cikin gidan nan ko ba ya ciki? In yana ciki, ta ba ka sauti tas, ko da dannawar ta malalaci ce. Mai tsirkiyar gaske ta fi kusa da gaskiya, mai layuka masu laushi ta fi yafiya, mai maɓalli ɗaya kuwa wani kayan kiɗa ne mai zaman kansa. Tana da daɗi ga mai son raka waƙarsa da baki tun daren farko, amma yatsunsa ba za su san siffar kod ko ɗaya ba.

Ra'ayina shi ne ta fi dacewa da zama ta biyu: wadda ake ɗauka a lokutan da jita ta gaske ba za ta yiwu ba, cikin dare, ko a kan hanya, ko a ɗakin da mutane ke barci. In kuma ita kaɗai gare ka, babu laifi, sai dai ka nemi taɓa ta gaske jefi-jefi. Amsa ta 12 da ta 20 sun faɗaɗa wannan.

5. Gaɓa 5 ko 7 sun isa?

Ga mai farawa sun isa har sun yi yawa. Kod ɗin da ake fara koya, irin su Em, Am, C, G da D, duk a gaɓa 3 na farko suke zaune. Cikakkiyar jita tana da gaɓa 19 zuwa 24, kuma gajerun suna cike giɓin da maɓallin da ke ɗaga sautin sama.

Maɓallin yana ba ka sautin, ba ya ba ka tazarar. A jita mai tsayin tsirkiya milimita 648, kamar yawancin na Fender, gaɓar farko tana da faɗin kusan milimita 36, ta 12 kuwa kusan 19. Wato hannu yana matsewa yayin da yake gangarawa, kuma wannan sai a cikakken wuya ake saba da shi. Mai burin kiɗan tilo, wanda ke yawo can ƙasan wuya, gajeriya za ta yi masa kaɗan da wuri.

6. Sai na riƙa saita tsirkiyoyinta?

Masu gane yatsa ta na'urorin wuya ba sa buƙata, domin sautin ba daga tsirkiyar yake ba. Masu fitila da masu allo jitoci ne na gaske, dole a saita su kullum kafin a fara. Saitin da aka saba shi ne E, A, D, G, B, E, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. Mafi kaurin ita ce ta 6, tana girgiza kusan sau 82 a sakan. Ta 5 sau 110, mafi sirantar kuma, wato ta 1, kusan sau 330.

Rashin buƙatar saiti sauƙi ne mai tafe da hasara. Wanda ke murɗa makullan jita kullum yana horar da kunnensa bai sani ba, yana koyon jin bambancin sautin da ya ɗan faɗi da wanda ya zauna. In taka ba ta buƙatar saiti, ka ware minti biyu: kaɗa tsirkiya, ka kwaikwayi sautin da bakinka, ka faɗi sunanta.

7. Me nake buƙata kafin in fara?

Waya ko kwamfutar da manhajar ke aiki a kai, abin sauraro na kunne mai igiya, kebul na USB, da ɗan makaɗin roba in mai tsirkiya ce. Kafin ka saya, buɗe shafin manhajar ka ga ko tana karɓar irin wayarka da sigar da ke kanta. Android ta fara karɓar MIDI tun siga ta 6.0 a 2015, amma wayoyinta sun bambanta sosai wajen saurin fitar da sauti. Ka kuma duba ko darussan kyauta ne ko na kuɗin wata-wata.

Wani abu da ke ruɗa mutane: da yawa ba a haɗa su daga wurin saitin Bluetooth na waya. Daga cikin manhajar ake haɗawa. In ka neme ta a saitin waya ba ka gan ta ba, kada ka ɗauka ta lalace.

8. Me ya sa nake kaɗawa sai sautin ya makara?

Jinkiri ke nan, kuma sau da yawa laifin abin kunne ne, ba na jitar ba. Labarin MIDI ƙarami ne, yana isa waya da sauri ko ta Bluetooth. Amma tura sauti daga waya zuwa abin kunne maras igiya yakan ɗauki milisakan 100 zuwa 200, wani lokaci fiye. Ga mai kallon bidiyo wannan ba komai, domin waya tana daidaita hoto da sauti. Ga mai kiɗa bala'i ne. A gudun taku 120 a minti, kowane taku milisakan 500 ne, don haka jinkirin ya kai kashi ɗaya cikin biyar na taku ko ya wuce. Hannu sai ya fara jiran kunne, kunne yana jiran hannu, kiɗan ya yi ta jan ƙafa.

Don ka san abin da za a iya jurewa: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, wato milisakan 3 a kowace mita. Makaɗin da ke tsaye mita 3 daga lasifikarsa yana jin kansa bayan kusan milisakan 9, kuma ba ya damuwa. Nan kusa ake so jinkirinka ya tsaya. Ka sa abin kunne mai igiya, ka haɗa jitar da kebul in akwai hali, ka rufe sauran manhajoji. In manhajar tana da saitin da ake kira bafa, wato yawan sautin da take tarawa kafin ta fitar, ka rage lambar: 512 yana ƙara kusan milisakan 11, 128 kuma ƙasa da 3. In sauti ya fara tsattsagewa, ka rage da yawa, sai ka ɗan koma sama.

Jitocin da ke sauraron girgizar tsirkiya kafin su mayar da ita MIDI suna da nasu jinkirin na halitta. Zagaye ɗaya na girgizar tsirkiya ta 6 yana cin kusan milisakan 12, kuma na'ura sai ta ji aƙalla zagaye kafin ta san wane sauti ne. Shi ya sa masu kauri ke ɗan makara fiye da sirara.

9. Da me zan fara?

Da Em, domin yatsu biyu kawai yake so: na tsakiya a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 5, na zobe a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 4, sai ka share duka 6 da makaɗin roba. Kada ka yarda da sharar gaba ɗaya. Kaɗa su ɗaya-ɗaya daga sama zuwa ƙasa ka ga kowace ta fito.

Daga nan ka ɗauki Am da C tare, don akwai wata gajeriyar hanya a tsakaninsu da manhajoji ba sa cika nunawa. A Am, manuniya tana gaɓa ta 1 ta tsirkiya ta 2, na tsakiya yana gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 4, na zobe yana gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 3. Don komawa C, manuniya da na tsakiya ba sa motsi ko kaɗan. Na zobe kaɗai ke tashi ya tsallaka zuwa gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 5. Sabon mai koyo yakan ɗage yatsu ukun duka, ya dubi allo, ya sake dasa su ɗaya bayan ɗaya, taku biyu sun wuce shi. Neman yatsan da zai zauna a wurinsa yayin canji shi ne rabin sirrin sauri. G da D su biyo baya, kuma da waɗannan biyar ana raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa.

10. Minti nawa ya kamata in yi a rana?

Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa 3 a rana ɗaya cikin mako. Hannu yana koyo da maimaici da hutu a tsakani, kuma a nan ƙaramar jita ta yi zarra, tunda ba sai an buɗe akwati ko an saita ba.

Kada duk lokacin ya tafi a wasan tara maki. Ka ɗauki kod biyu, ka sa agogo na minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka canja tsakaninsu, ka rubuta adadin. Sannan ka kunna ma'aunin taku na cikin manhaja a 60, ka canja kod bayan kowane taku 4. In ka yi sau uku a jere babu tuntuɓe, ƙara 5 a gudun. Ragowar lokacin ka kaɗa abin da ranka ke so. Kada ka raina wannan kason na ƙarshe, shi ke sa a sake ɗaukar jitar gobe.

11. Fitilun nan ba za su sa in dogara da su ba?

Za su sa, in ka bar su. Keken koyon tafiya ne: yana ɗaga yaro, amma wanda ya daɗe a cikinsa ƙafarsa ba ta ƙwari. Bin fitila aikin ido ne, kiɗa kuwa aikin kunne da hannu. Akwai kuma illar zama: mai leƙen fitila yakan kwantar da jita ta kalli sama, ya sunkuyar da wuya, ya lanƙwasa wuyan hannu fiye da kima.

Dabarar ita ce matakai uku ga kowane sabon kod. Koye shi da fitila. Kashe ta ka yi da kallon yatsu. Sannan ka ɗauke ido gaba ɗaya ka dubi bango. Kod ɗin da ba ka iya kamawa ido rufe ba, bai zama naka ba tukuna.

12. Manhaja tana ba ni maki cikakke, amma kiɗana ba ya daɗi. Ina matsalar?

Matsalar tana cikin abin da manhaja ke iya gani. Saƙon MIDI na asali abubuwa kaɗan yake ɗauke da su: lambar sauti daga 0 zuwa 127, ƙarfin bugu, lokacin farawa da lokacin tsayawa. Tsirkiya ta 6 a buɗe, misali, lamba 40 ce. In ka aika lambar da ake jira cikin tazarar lokacin da aka yarda, ka ci. Tazarar nan kuwa a darussan farko ana buɗe ta da gangan don kada mai koyo ya karaya.

Daɗin kiɗa yana cikin abubuwan da maki ba ya aunawa: wane taku aka nauyaya, wanne aka sassauta, ko hannun dama yana lilo ba tsayawa ko yana tsayawa jiran na hagu, ko kod yana yankewa kafin lokacinsa saboda yatsu sun yi gaggawar tashi. Ka naɗi kanka na minti ɗaya tare da ma'aunin taku, ka ajiye jita, ka saurara. Yawanci za ka ji ɗan rami kafin kowane canji. Maganinsa shi ne hannun dama ya ci gaba da lilo ko na hagu bai iso ba, ko da shara ta ƙarshe za ta faɗa kan tsirkiyoyi a buɗe. Makaɗa da yawa haka suke yi, kuma mai sauraro ba ya lura.

Manhajoji irin su Yousician da wasan Rocksmith, wanda Ubisoft ya fitar a 2011, suna sauraron sautin jita ta gaske, don haka suna kama tsirkiyar da ta shaƙe. Su ma ba sa gane kiɗan da ba shi da rai. Wannan sai kunnen mutum.

13. Yatsuna za su yi ciwo? Za su yi kanta?

Ya danganta da rukuni. Masu layuka masu laushi ba sa ciwo, ba sa kuma sa kanta, don haka ranar da ka kama tsirkiyar ƙarfe sabon shiga ne kai. Masu tsirkiyar gaske suna sa kanta, sai dai ba kamar jitar katako ba, wadda jimillar jan tsirkiyoyinta yakan kai kusan kilo 70. Na jitar lantarki bai cika kai kilo 50 ba. Zafin kan yatsa yakan lafa cikin 'yan makonni in ana yi kullum kaɗan-kaɗan.

Ka bambanta zafin fata da ciwon gaɓoɓi. Na fata al'ada ne. Ciwo a wuyan hannu, ko tsukar babban yatsa, ko jin yatsu sun mutu, alama ce ta a dakata a gyara riƙo. In ya ƙi tafiya a ga likita. Gajerun jitoci ba su da cikin da damtse zai jingina, sai hannun hagu ya koma ɗaukar nauyinsu. Rataya ta da maɗauri ko a zaune kake.

14. Kod ɗin F ya gagare ni. Na'ura za ta taimaka?

Za ta nuna maka tsirkiyar da manuniya ba ta danne ba, kuma wannan taimako ne. F cikakke yana so a shimfiɗa manuniya a kan duka tsirkiyoyi 6 a gaɓa ta 1, wurin da ya fi ko'ina tauri a jita ta gaske. Ka ɗan mirgina manuniyar ta danna da gefenta mai ƙashi, babban yatsa yana bayan wuya daidai da na tsakiya. Kafin nan ka yi ƙaramin F na tsirkiyoyi 4 na ƙasa. Sai dai kada ka yi shelar ka ci F sai ka gwada a jita ta gaske, saboda dalilin da ke amsa ta 4.

15. Dole in iya karanta rubutun kiɗa?

Ba dole ba ne a farko. Tab ya wadatar: layi 6, na sama shi ne tsirkiya mafi siranta, lambar da ke kan layi ita ce gaɓar da za a danna, 0 na nufin a buɗe. Ana kuma rubuta kod a jere daga mai kauri zuwa siririya, misali C shi ne x32010, inda x ke nufin kada a kaɗa wannan. Gwada shi da yatsun da ke amsa ta 9. Ka koyi tab na tsaye a takarda, ba mai gudu a allo kaɗai ba, domin shi za ka tarar a wajen manhajar.

16. Tana fitar da sautin da ban kaɗa ba, wani lokaci kuma ta ƙi jin wanda na kaɗa.

Fara da mafi sauƙi: caji, sannan sabunta manhajar cikin jitar kanta, sannan saitin ƙarfin ji. In jin ya yi yawa, girgizar tsirkiya ɗaya takan ratsa jiki ta tayar da maƙwabciyarta, ko ɗaga yatsa kawai ya fitar da sauti. In ya yi kaɗan, kaɗawa a hankali ba ta shiga. Da yawa suna bari a saita kowace tsirkiya daban. Masu amfani da hasken da ido ba ya gani wajen gano yatsa suna iya ruɗewa a cikin rana tsaka, ko in maiƙo da ƙura sun taru a wuya. Goge da busasshen ƙyalle, ka koma inuwa.

In duk wannan bai magance ba, duba hannunka. Sau tari na'urar gaskiya take faɗa: makaɗi ya shafi tsirkiya biyu, ko hannun riga yana gogar ta 6.

17. Ana iya ja da tsirkiya, da karkaɗa sauti, da zamiya a kanta?

Wasu suna iyawa, wasu kwaikwayo suke yi. A MIDI na asali, lanƙwasa sauti yana shafar duk sautukan da ke tasha ɗaya. Don a ja tsirkiya ɗaya sauran su zauna, sai an ba kowace tasharta daga cikin 16 da ake da su, ko a yi amfani da tsarin MPE, wanda ke ba kowane sauti tasharsa, da aka amince da shi a 2018. Dole jitar da manhajar duka su yarda da tsarin, kuma iyakar lanƙwasawar ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba sautin zai wuce wuri ko ya gaza. Danne tsirkiyoyi da gefen tafin dama don sauti ya gajarce shi ne abin da suka fi kasawa. Wanda waɗannan dabaru su ne burinsa ya nemi jitar lantarki ta gaske.

18. Bahago fa? Yara fa?

Yawancin manhajoji suna da maɓallin juya jeren sautuka don bahago. Amma a mai tsirkiyar gaske kaurin tsirkiyoyin ba ya juyawa da maɓalli, sai a duba ko kamfanin yana yin ta bahago. Ga yara, rashin nauyi da rashin ciwo suna taimakawa, amma gajeren wuya ba ya nufin ƙananan gaɓoɓi: wasu tazararsu ta manya ce. Abin kunne kuma a kula da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako a ƙarfin desibel 80, na yara kuma ƙasa da haka.

19. In kamfanin ya rufe ko manhajar ta daina aiki, shi ke nan?

Tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin saye, domin kamfanonin kayan nan da yawa ƙanana ne. Idan jitar tana fitar da MIDI na kowa da kowa ta USB ko Bluetooth, za ta ci gaba da aiki da manhajojin haɗa kiɗa kamar GarageBand, Ableton Live, FL Studio da ire-irensu. Darussa kawai za ka rasa. Wannan ma wata riba ce tun yanzu: kana iya kaɗa siffar kod na jita a fito da sautin fiyano ko ganga, ka naɗa, ka gyara sautin da ya kauce da yatsa a allo. Idan kuwa da manhajar kamfanin kaɗai take magana, rayuwarta tana rataye da tasa. Ka kuma tambaya ko ana iya canja batir da tsirkiyoyi. Batirin irin na waya ne: ba ya son zafin mota a rufe, kuma a jirgin sama jakar hannu ce wurinsa.

20. Yaushe zan koma jita ta gaske, kuma me zan tarar?

Da zarar kana canja kod huɗu ko biyar a kan taku ba tare da kallon allo ba, lokaci ya yi. Jira fiye da haka yana ƙara kafa ɗabi'ar dannawa sama-sama. Makon farko zai yi maka kamar ka koma baya: zizza, tsirkiyoyi a shaƙe, zafin yatsa, ciki mai faɗi da damtse bai saba ba. Ilimin yana nan, hannu ne ke biyan bashi. Ka koma aikin amsa ta 9, kaɗa ɗaya-ɗaya, ka matso da kowane yatsa dab da ƙarfen gaɓa ta ɓangaren cikin jita, ka danna da ƙarfin da ya isa kawai. Zama ɗaya ko biyu da malami a wannan mataki yana gyara abin da allo bai taɓa gani ba, musamman kafaɗa da babban yatsa.

Wajen zaɓe, tsirkiyar nailan ta fi taushi amma wuyanta ya fi faɗi, ta lantarki ta fi sauƙin dannawa amma tana son lasifika, ta katako mai ƙarfe ta fi kowace gwada yatsa. Kowace ka ɗauka, duba tsayin tsirkiya daga ƙarfen gaɓa ta 12. A ta katako mai tsirkiyar ƙarfe, milimita 2 zuwa 3 ake so a ɓangaren mai kauri. In ya wuce haka sosai, a kai wa mai gyara ya sauke shi kafin ka fara atisaye da ita.